Akushin Baba na Ƙarshe

Duk abin da zan manta a rayuwata, ranar da na miƙa wa mahaifina akushinsa bayan na yi masa gyara ba ta ciki. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Baba masassaƙi ne a wani ƙauye kusa da Ajingi. Akushi mai murfi shi ne gwanintarsa. Da gizago yake sassaƙa shi, ya ƙona bayansa da jan ƙarfe har ya yi baƙi wuluk, ya zana shi da bakin wuƙa, sannan ya yi kwanaki yana mulke shi da man kaɗe. A gabansa na koyi riƙon gizago, amma da na girma sai na tafi Kano na koyo aikin injin juya itace. Na dawo na buɗe shago a Gaya, ina yin kwanonin ado masu murfi, na alewa da na dabino, in goge su da samfefa, in shafa musu banish, man nan na kafintoci mai sa itace ƙyalli. Abin da ke cin Baba mako biyu, ni kafin la'asar na gama uku. Gaskiya kaina ya kumbura a lokacin.

Da aka sa ranar bikin 'yata ta fari, idon Baba ya riga ya yi rauni, ya kusa shekara biyu bai taɓa gizago ba. Sai ga saƙo wai in zo. Na hau babur na je, na same shi a zaure da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Akushi ne. Innarmu ta ce wata guda ya yi a kansa, yana lalube, har ya sare ɗan yatsansa.

"Ka kai wa amaryata," in ji shi, domin da haka yake tsokanar jikar tasa. "Ka ce ta riƙa zuba wa ango, abokin takarata, tuwo a ciki."

Na yi dariya, na yi godiya. Amma tun a hanya raina bai kwanta ba. Da na isa shago na ajiye shi kusa da nawa, sai na ga duk aibinsa. Bakin ya karkace, murfin yana rawa, zanen ya tafi a gicciye, wani wurin ma layi ya hau kan layi. Surukan namu ma'aikata ne a sakatariya, kuma sun san sana'ata. Na ce a raina, yaya za a ga wannan a ɗakin 'yar mai inji?

Maiɗakina ta hana ni. Ta ce, "Malam, ka bar shi yadda ya ba ka. Ba kai aka yi wa ba." Na ce mata baki kawai zan daidaita.

Washegari na ɗaura shi a inji, na tayar da janareta. Na daidaita bakin, sai na ga gefen bai dace da shi ba, na ɗan taɓa gefen. Ƙarfe ya ci baƙin nan, farin itace ya fito a wuri ɗaya, dole sai an bi sauran. Ina tsaye ina kallon zanen Baba yana zuba a ƙafata kamar dusa, kuma ban tsaya ba. Na gyara murfin ya zauna daram, na goge, na shafa banish sau uku. Maƙwabtana na kasuwa suka taru suna yabawa. Daɗi na ji, wannan shi ya fi ƙona min rai yanzu.

Ana jibi za a kai amarya aka kawo Baba Gaya. Bayan azahar yana zaune a kan tabarma, ya ce a kawo masa akushin ya ƙara shafa masa mai. Har ya zo da ɗan gwangwanin man kaɗensa a aljihu. Na ɗauko da fara'ata na ɗora masa a cinya.

Ya shafa gefen. Ya sake shafawa a hankali, yatsunsa suna neman zanen. Ya buɗe murfin, ya rufe, ya kai hanci ya shinshina.

"Ba wannan ba. Nawa nake nufi."

"Shi ne, Baba. Ɗan gyara na yi masa."

Can ya ce, "Bai yi ba ke nan?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai bakin ne kawai. Ya ɗaga min hannu.

"Da ka faɗa min. Ni na san idona ya tafi, amma na ɗauka hannun yana nan." Ya miƙo min akushin da hannu biyu. "Ya yi kyau. Allah ya yi wa sana'a albarka."

Ya mayar da gwangwanin aljihu. Bai yi faɗa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Da na je ƙauye bayan biki don in ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ya shiga tambayata farashin gyaɗa. Inna ce ta faɗa min ya bai wa wani maƙwabci gizagonsa kyauta, yana gyaran ƙotar fartanya da shi. Damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar bakwai 'yata ta same ni, ta ce, "Abba, ba ka da wani akushi na Kaka? Ina son in ajiye abin da ya yi da hannunsa." Na bincika gidanmu kaf, ban samu ba. Duk ya sayar, tsofaffin kuma sun fashe. Guda ɗayan da ya yi dominta, ni na aske shi.

Abin da na koya, a makare, shi ne ba kowace karkata ce take neman gyara ba. In mutum ya ba ka abin da ya yi da iyakar ƙarfinsa, ka karɓe shi yadda yake. Iya aiki ya ba ni ikon gyara itace, bai ba ni izinin taɓa abin da ba nawa ba, kuma abin da inji ya cinye ba ya dawowa.