Garin Kuka a Lagireto

Jama'a, yau garin kuka ne ya fitar da mu daga dajin Falgore!

Daga Tudun Wada na shiga motar Doguwa, zan kai wa Baba allurarsa ta ciwon suga. Muna tsakiyar daji sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Direba ya taka birki ya ce, "Ta yi obahitin, lagireto ya ɓule."

Innalillahi! Ba gari, ba sabis. Kowa sai waige-waige yake, kun dai san dajin nan.

Direba ya leƙo ya ce, "Wa ke da garin kuka?"

Na ce, "Malam, miya za mu kaɗa a nan?"

Wata tsohuwa ta kwance ƙullinta, ta miƙa wa direba. "Ungo, ɗan nan. Na 'yata ne mai jego."

Ya zazzage shi cikin lagireto, ya bi da ruwa, wai yauƙin ne zai toshe ɓular. Wallahi yoyon ya tsaya! Muka lallaɓo, kowa na ta salati.

Baba ya samu allurarsa. Amma yanzu ina tasha, mota ɗaya ta rage mai komawa, kuma ita ce dai wadda ta kawo mu. Direban na hango ni ya ce, "Yallaɓai, biya kasuwa ka sayo mana kuka tukuna."