Kwalbar da Ba Fanko Ba

Shekara goma sha tara Uwar Kwalabe ta yi tana wanke-wanke a ɗakin binciken cutar daji, ko murfi ba ta taɓa fasawa ba. Da wannan take taƙama, wanda bai tambaya ba ma sai ya ji. Ba ta yi boko ba, amma ta san kwalbar da ake dafawa, ta san wadda ake ɗaurayewa sau uku da tataccen ruwa. Ita da ƙazanta ba a ga maciji. Farfesa, shugaban ɗakin, da kansa ya sha faɗa a kan kofin shayinsa.

Wata Talata da hantsi ta tarar da 'yar kwalba, ba ta kai tsawon yatsa ba, a teburin Dakta, matashiyar nan mai tabarau da ke kiranta Inna. Ta ɗaga ta a haske. Wayam. Ta ja tsaki, ta kai famfo, ta wanke, ta kife a faranti.

Dakta ta shigo sanye da safar hannu. Ta duba teburi, ta leƙa ƙarƙashi.

"Inna, ina 'yar kwalbar da na fito da ita daga firiza?"

"Ga ta can tana bushewa. Ku dai ba kwa gajiya da barin shara."

Dakta ta zube a kujera.

"Inna, ba fanko ba ce."

Ashe furotin ne a ciki, irin wanda jikin mutum ke yi don ya zaburar da sojojin jini su far wa ƙwayoyin daji. A wani ɗakin bincike mai nisa aka sarrafa shi, aka busar, ya koma ɗan garin da ido ba ya gani. Wata huɗu ana jiransa. Jinin da za a gwada shi a kai kuwa jiya aka ɗiba daga wata majinyaciya a benen sama, kuma ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana biyu.

Uwar Kwalabe ta san matar. Jiya ta gan ta a keken marasa lafiya, ƙashi da fata, tana cewa a ɗiba ko wata ta amfana.

"Innalillahi! To a sake ɗiba mana, idan wani furotin ya iso."

"Ba za ta kai ba, Inna."

Sai Uwar Kwalabe ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannu. "Ɗebi nawa, 'yar nan, ko duka ne."

"Naki lafiyayye ne."

Dakta ba ta yi mata faɗa ba, wannan ya fi komai ƙona mata rai. Uwar Kwalabe ta koma bakin famfo, ta ƙura wa magudanar ruwa ido, ta kasa ko kuka. Can ta ɗauki kwalbar ta sake ɗagawa a haske. A shekara goma sha tara, ba ta taɓa wanke abin da ya fita tas haka ba.