Baba Bato da Jan Littafi Marar Bango

Na daɗe ina zaton Bartholomew sunan ciwo ne. A gidanmu a Kafanchan, duk yaron da aka ce masa tuwo ya huce ya ce bai huce ba, sai Mama ta taɓa goshinsa ta ce, "Bartholomew ya kama wannan." Ina aji uku na firamare na tambayi malamarmu ko akwai allurarsa. Sai da na kai shekara tara, a wani biki a Kagoma, na ga dogon tsoho yana musu da mai ganga a kan wai bai ɗaure fatar daidai ba. Mama ta nuna shi da baki ta ce, "Ga ciwon can a tsaye. Ƙanen kakarki ne, je ki gaishe shi."

Baba Bato ake kiransa. Ya yi shekara biyu a kwalejin horon malamai, ya yi musu da malamin lissafi kwana uku a jere, a na huɗu ya dawo gida da akwatinsa da jan littafin lissafi guda ɗaya. Dangi sun ce shi ne da gaskiya, amma ba a ba shi takardar shaida a kan haka ba. Ya koyi ƙirar kwano a kasuwar Kafanchan, ya shekara talatin yana yin mazurari da bokiti da murhun gawayi, har guduma ta kashe masa kunnen hagu. Matarsa Mama Selina, wadda ke noman citta, ta ce kunnen yana farfaɗowa idan ana maganar nama.

Abin da aka fi saninsa da shi a Kagoma shi ne Manzanni. Duk Kirsimeti yakan yanka kwali ya haɗa wani abu kamar ƙwallo mai fuska goma sha biyu, a rataye shi a coci, kowace fuska da sunan manzo ɗaya. Yahuda maci amana yana ƙasa, yana kallon siminti. Fuskar da ke duban jama'a kuwa kullum sunan takwaransa, manzo Bartholomew, ne a kai. Dattawan ikilisiya sun taɓa yi masa magana cewa Bitrus ne babba. Ya ce iska ce ke juya abin.

Bara a watan Nuwamba na je na yi mako biyu a wurinsu da littafina, domin ni ce ke rubuta abubuwan danginmu, wa ya haifi wa, wa aka binne a ina. Na same shi yana auna kwali, na tambaye shi ko abin yana da suna na gaskiya ban da Manzanni.

"Dodekahidiron," in ji shi, kamar yana kiran sunan ɗansa da ya zama likita. "Duba a wayan naki in kina tsammani ƙarya ne."

Na hau dutsen bayan gida inda ake samun sabis, na buɗe kundin sanin nan na intanet wanda kowa ke iya gyarawa. Akwai shafinsa da Hausa. Na sauko na karanta masa a kunnen dama: "Dodekahidiron wani mai ƙarfi ne na yau da kullum. Yana da fuskoki goma sha biyu, da baki talatin, da gidan sauro dubu arba'in da uku da ɗari uku da tamanin."

Ya ajiye almakashi. "Gidan me?"

"Gidan sauro, Baba."

"Selina, zo ka ji. Abin da nake ratayewa a coci ashe ya fi asibiti net."

"Ka ce ya ba mu ɗaya, namu ya yage," in ji Mama Selina daga inda take kankare citta.

Da na duba na Turanci sai na gane abin da ya faru. Inji ne ya yi fassarar. Idan aka buɗe siffar aka baje ta a ƙasa kafin a naɗe, Turawa suna kiran wannan da kalmar da muke kiran net ɗin gado. Baba shimfiɗa yake ce masa. Na gaya masa kowa na iya gyara shafin. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya shiga ɗaki ya sa rigar coci, ya fito ya ce in rubuta.

Ga abin da ya faɗa, na ajiye shi yadda yake: "Dodekahidiron siffa ce mai jiki, kamar ƙwallo amma ba ta mirgina da kyau. Fuskarta goma sha biyu ce, kowace tana da gefe biyar masu tsawo ɗaya. Inda fuska biyu suka haɗu, gefe ne, su talatin. Inda fuska uku suka haɗu, kusurwa ce, su ashirin. Ni Bartholomew na Kagoma na ƙirga da hannuna."

Na ce layin ƙarshe ba zai wuce ba. Ya ce ba ni aka tambaya ba. Na hau dutse na saka shi a shafin haka.

Washegari, ranar Litinin, na tarar da saƙo daga wata Sadiya, ɗaya daga cikin masu duba shafukan don sa kai, wadda ta rubuta cewa a Sabon Tasha ta Kaduna take. Ta ce bayanin ya fita sosai, yanzu yaro ma zai gane. Amma ta cire sunan Baba. Kuma tun kafin mu taɓa shafin an riga an sa shi cikin waɗanda za a goge ranar Lahadi, domin ba shi da majiya ko ɗaya.

"Hajiya wa?" in ji Baba.

"Majiya. Inda aka samo maganar."

"To ki gaya wa Hajiya Majiya a wurina aka samo."

"Littafi suke so, Baba."

"Shekara arba'in ina yanka abin nan. Littafi ya taɓa riƙe almakashi?"

Na rubuta wa Sadiya haka, na ɗan rage zafin. Ta amsa da ladabi: "Baba, ni na yarda da kai. Amma mai karatu a Damagaram bai san ka ba." Ya ce wannan laifin mutanen Damagaram ne. Duk da haka ya hau kujera ya zaro jan littafin daga cikin rufi. Yana nan, shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu, ga hoton, ga ƙirgen fuska da gefe da kusurwa daidai yadda ya faɗa. Matsalar ɗaya ce. Littafin ba shi da bango, daga shafi na uku ya fara. Jan ma a bakin takardun kawai ya rage. Sadiya ta ce sai da sunan littafin da wanda ya rubuta da shekarar da aka buga.

"Sunansa Jan Littafi," in ji Baba. Bai tuna wani suna ba.

Mun zazzage akwatuna, mun leƙa rumbu. Ranar Laraba ya kama hanya har Zangon Kataf wurin Malam Gershon, wanda suka yi aji ɗaya a kwaleji. Ya dawo da yamma ba suna, sai ƙura a gira. Malam Gershon ya ce littafin kore ne, kuma a kan wannan suka wuni.

Ranar Juma'a na same shi zaune da kwalin a cinya bai yanka komai ba. Na ce, "Yau Alhamis, da sauran lokaci," da gangan, in ga ko zai gyara ni. Bai gyara ba. Can ya ce, "Zipora, na bar makaranta hannu biyu. Wannan ne na farko da na faɗi abu aka rubuta don mutanen da ban sani ba. Kwana bakwai kawai zai yi."

Mama Selina tana jin mu. Ba ta ɗaga kai daga cittarta ba.

Asabar da safe bayan addu'a ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta ɗora littafin waƙoƙinta na coci a kai, wanda ta yi wa riga da atamfar zumuntar mata. Ta ajiye reza a gefensa.

"Bato, ka tuna shekaran da aka haifi 'yarmu Catherine, na ce maka bangon littafina ya fita, ka gyara mini?"

"Bai fita ba. Ya ɗan saki ne."

"Haka ka ce. Sati uku kana faɗa. Sai na samo wani bango."

Baba ya dubi littafin, ya dube ta. Ya miƙa hannu, ta dafe.

"Tun ran Litinin kin sani?"

"Tun shekara talatin da takwas na sani."

"Selina, wannan sata ne a cikin gidan Ubangiji. Kowane Lahadi kina ɗaga lissafina sama kina waƙa."

"Kuma bai taɓa hana muryana fita ba. Kana so ko ba ka so?"

Sharaɗinta ɗaya ne. Tana so ya ce, a gabana, "Selina, ke ce da gaskiya." Ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin yadda kalmomin suke fita daga bakinsa ba, tana so ta ji kafin Ubangiji ya kira ɗaya a cikinsu.

Ya ce, "Ba ki yi kuskure sosai ba."

Ta ɗauki rezar za ta mayar cikin gwangwani.

Ya ce, "Akwai gaskiya a wajen da kike zaune."

"Zipora, kawo mini tsintsiya, zan je shanya."

Ya tashi ya zagaya tsakar gidan sau biyu, ya kori kazar da ba ta yi masa komai ba. Sannan ya tsaya yana duban katanga ya faɗa, ƙasa-ƙasa.

"Katanga ba ta auri kowa ba," in ji Mama Selina. "Juyo."

Ya juyo ya faɗa. Na rubuta ranar da lokacin a littafina: ƙarfe tara saura minti goma.

Ta farke ɗinkin a hankali. Ga bangon, ja wur kamar jiya aka saye shi, domin atamfa ta kare shi daga rana. Har takardar farko tana manne a ciki, da suna da shekara da garin da aka buga. Ta yarda in ɗauki hoto kawai, ta ce gobe tana da waƙa, ta zare allura ta fara mayar da rigar. Na hau dutse na saka komai, har lambar shafi. Kafin rana ta karkata Sadiya ta cire alamar gogewa. Ta kuma nemo majiyar adadin nan mai yawa da kanta, ta mayar da gidan sauro ya zama shimfiɗa, kalmar Baba. Layukansa huɗu suna nan a saman shafin, ba sunansa. Na karanta masa sau uku. Ya ce shi dai bai yarda da dubu arba'in da ukun nan ba, tunda bai ga wanda ya zauna ya yanka su ba. A ranar ya ci tuwo malmala biyu, ya ce gishiri ya yi yawa.

Ranar da zan koma Kafanchan, ina kan babur ya fito da wani abu a leda. Dodekahidiron ne na kwano, kamar lemo girmansa, ya liƙe gefunan da dalma, ya goge shi yana ƙyalli. Bai rubuta sunan kowa a fuskokin ba.

"Kin ce za ki Kaduna wurin Catherine bayan Kirsimeti. Ki nemi Hajiya Majiya a Sabon Tasha ki ba shi wannan hannu da hannu. Kada ki ce kyauta ne, zai ɗauka na sauko. Ki ce ya ajiye littafi, ya sa yatsa ya ƙirga gefen ɗaya-ɗaya. Ki tsaya a wurin har ya gama. In ya samu talatin, ki kira ni a waya, ki ce Selina ya kawo wayan kunnen dama."