Akwai Rijiya a Garin?

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara gaishe ni da asuba ba, ɗanmu na fari ya zo gida neman shawara. Abin da ya tuna mini shi ne wani daga cikinku ya tambaye ni jiya wai wane gari ya fi dacewa da mai neman aiki, tunda ni dattijo ne na ga duniya. To, duniyar da na gani ba ta da yawa. Makarantar lakwal ma aji huɗu na yi, mushe malaminmu ya roƙi mahaifina don Allah ya mayar da ni gona. Amma na taɓa zama a wurin da aka zaɓi gari, don haka ku gyara zama.

Ƙauyenmu yana gefen Yekuwa. Yaron nan shi ya yi karatun da ni na kasa, ya samu aikin buro, wato ofis. Bayan an gama girbi ya iso a kan moto, ya ce an ƙara masa girma, an kuma ce ya zaɓa: ko Damagaram ko Yamai. Ya ce duk inda zai je da mu zai tafi, tunda ƙannensa mata duk sun yi aure, gidan ya rage daga ni sai tsohuwa uwarsa sai awaki.

Muka zauna a rumfa. Tsohuwa tana can bakin murhu ta ba mu baya. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani: matan zamaninmu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zama su yi hira da shi ido da ido. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tun yana goye, in tana son ce masa wani abu, ta bakina take bi. Ni ne wayarta, kuma ba a taɓa sa mini kati ba.

Ya fara lissafa mana. Yamai akwai manyan likitoci, akwai ci gaba a aiki. Akwai kuma babban filin wasanni inda mutane ke gudu da safe. Shi mutum ne mai son gudu, tun yana ƙarami ba a aikensa ya tafi a hankali. Ya ce zaman kujera na kashe ma'aikaci, gara garin da mutum zai motsa jini. Na ce to Damagaram fa, ga ta kusa, ga dangi? Ya girgiza kai.

"Baba, Damagaram wahalar ruwa. Ba zan ɗauke Inna daga jan guga in kai ta layin ruwa ba. Ta wahala ya isa. Yanzu lokacin hutunta ne."

Sai tsohuwa ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Malam, tambayi wancan, akwai rijiya a garin?"

Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ce mata ruwa har cikin ɗaki yake zuwa, murɗawa kawai za ta yi." Na juya na isar da saƙo kamar ba ta ji ba. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tuƙa tuwo. Aka tsayar da Yamai.

Ku lura da kyau, don ni ma sai daga baya na lura. Shi ya zaɓa wa kansa garin da zai yi gudu, ya zaɓa wa uwarsa garin da za ta zauna. Kuma duk da zuciya ɗaya ya yi.

Matar nan tun da na aure ta ban san ta da zama ba. Kafin in gama lazimi ta je rijiya ta dawo. Ta yi surfe, ta yi daka, ta bi ni gona da fura, ta dawo da itace a ka. Ranar kasuwa a ƙafa take zuwa, in na ce ta hau amalanke sai ta ce jakin ya fi ta gajiya. Siririya ce kamar karan dawa, amma ban taɓa sayen maganinta ba sai na ciwon kai.

A Yamai muka tarar da gida mai katanga, ƙasa duk siminti. Surukarmu kuma, Allah ya yi mata albarka, ba ta da aibu sai ladabi. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, surukar ta rugo: "Haba Inna, kawo!" Tsohuwa ta nufi kwanuka: "Inna, ina raye?" Gero injin ke niƙa shi. Maƙwabta yawancinsu Zabarmanci suke ji, gaisuwa daga "fofo" sai murmushi. Aka shimfiɗa mata tabarma gaban tele aka ce ta huta. Shi kuwa maigidan kowace safiya sai ya sa gajeren wando ya fita a guje. Ranar farko tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Malam, lafiya? Wa ya biyo shi?"

Ta huta, ta huta, har hutu ya fara cinta. Ƙafafu suka kumbura. Tana tashi sai jiri. Muka je gidan likita, aka ɗaura mata abin awo a hannu, aka ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Likitar mace ce mai fara'a, ta ba da magani, ta ce amma babban magani shi ne tafiya, kullum, safe ko yamma.

Yaron ya ji daɗi, don an shigo fanninsa. Ya sayo mata fararen takalma masu igiya, ya ɗauke mu a mota sai filin wasannin nan. Ga mutane nan, manya da tumbi, mata da lulluɓi, suna ta zagaye suna kaɗa hannuwa. Tsohuwa ta daɗe tana kallo ta tagar mota.

"Malam, ina za su?"

Na ce ba inda za su.

"Me suka yar?"

Na ce ba su yar da komai ba, tafiyar ce kawai.

"Ba aike, ba kaya a ka, su je su dawo inda suka taso?" Ta ja mayafinta. "A garinmu mutum ɗaya na sani mai wannan, kuma ɗaure shi aka yi. Ce wa wancan ya mayar da ni gida."

Kada ku ce taurin kai ne. A wurinta mace mai hankali ba ta fita sai da dalili, kuma dalilin a kanta ake ganinsa, ko tulu ko ƙwarya. Tafiya hannu biyu wofi, ita tsirara ce.

Nan ne ni kuma ilimin aji huɗu ya motsa. Washegari aka kawo mini fura, na kurɓa, na ture kwanon, na ɗaure fuska. Na ce wannan furar inji ƙarfe take wari, ni ba zan ƙara sha ba sai dakan hannu, kuma hannun da na saba. Na je na sayo turmi da taɓarya. Na ce kukar da ake sayarwa a unguwa gari ce da ƙasa, sai ta kasuwar can nesa, kuma ba wanda ya iya zaɓenta sai tsohuwa. Na zama azzalumin miji da tsufana.

Ta gane? Tun kafin in rufe baki. Amma ta karɓi wasan. Tana daka tana mita: "Tsoho sai fitina, ko a birni ba za a bar mutum ya huta ba." Ni ko ina jin sautin taɓaryar nan kamar an dawo da ni gida. Ta fara zuwa kasuwa da ƙwarya a ka, ni ina biye da sanda ina yi mata tafinta. Kumburin ya fara sauka. Har waƙar daka na ji ta yi, ƙasa-ƙasa.

Ba a daɗe ba wani abokin aikin yaron ya gan mu a bakin titin gudro, ita da ƙullin gero a ka, rana tsaka. Ya je buro ya faɗa, wai cikin tausayi. Da yamma yaron ya shigo, ya durƙusa a gabana, idonsa jawur.

"Baba, me na yi muku? Ana nuna ni ana cewa ga wanda uwarsa ke dako a Yamai. Likita tafiya ta ce, ba wahala ba. Don Allah ka bar Inna ta huta."

Na ajiye wasa na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce uwarka aiki ne ƙafarta. Bai yarda ba, ya ɗauka ina kare furata ne. Wanda ya shekara yana zolaya, ranar da ya faɗi gaskiya ma sai a jira dariya. Na juya wajen labule, don na san tana bayansa. Na ce, "Ke, yau kam ki faɗa masa da bakinki."

Can ta ce, "Ka ce masa na gode. Allah ya yi masa albarka."

Shi ke nan abin da kunya ta bar ta ta faɗa. Turmi ya koma gidan maigadi. Fararen takalma suna ƙarƙashin gado, ko igiyarsu ba a kwance ba.

Wata safiya, damina ta kusa, ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, hannun ya ƙi. Ɓarin jiki ya shanye. An yi magani, yaron bai bar ƙofar da bai buga ba, wannan shaida zan ba shi har gaban Allah. Da bakinta ya ɗan saki, kalma ɗaya take maimaitawa: gida.

Ya ɗauki hutu ya kawo mu da kansa. Daga Magariya hanya ta ɓaci da ruwa, ƙarshenta a amalanke muka shiga gari. Da muka zo daidai rijiya ta daki gefen amalanken da hannunta mai lafiya, aka tsaya. Mata suka yar da guga suka kewaye ta, ana kuka ana dariya. Wata tsohuwar ƙawarta ta ce, "'Yar birni, kin yi ƙiba!" Ita kuwa ta ɗaga hannu. Igiyar guga ta nuna. Aka sa mata a tafin hannu, jiƙaƙƙiya, ta damƙe ta kamar an ba ta jariri. Yaron yana tsaye yana kallo.

Ba ta ga girbin shekarar ba.

Bayan an share makoki muna zaune ni da shi a rumfar nan dai da aka yi shawara. Ya daɗe yana kallon murhu, sannan ya ce, "Baba, ashe tambayar da ta yi ran nan ba wasa ba ce."

Na ce, "Uwarka ta taɓa wasa? Ni ne mai wasan gidan nan."

Ya sunkuyar da kai, na dafa shi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yau ma ban gani ba. So ne ya yi mata irin wanda ya iya.

To, mai tambaya, ga amsarka. Ka duba albashi, ka duba likita, ka duba inda za ka yi gudunka da gajeren wando, duk daidai ne. Amma in akwai wanda za ka ɗauka ka tafi da shi, ka tambayi abin da zai tashe shi daga tabarma da safe a garin. In kuma mai kunya ne, tambaya ɗaya zai yi, ba zai maimaita ba. Ka saurara.

Ni ban koma Yamai ba. Yanzu ni ma an ce tansiyo, an ce in riƙa tafiya. Na gwada fita hannu wofi, ban kai bakin gari ba na ji kamar kowa kallona yake. Sai na dawo na ɗauki ɗan bokitinta. Kullum da safe ina zuwa rijiya, mata suna tsokanata: "Baba, ka yi aure mana ka huta!" Ina ce musu ni hutu ne ba na so. Ruwan ba buƙatarsa nake ba, jikokin maƙwabta suna cika mini randa. Zogalen da ta shuka a bayan ɗaki nake zuba wa. Ya fi ni tsawo yanzu.