Filash ɗin da Na Kai wa Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Inna ba ta faɗin sunana. Ina yaro “wancan” nake. Da na yi aure na koma Gyaɗi-Gyaɗi da zama sai na samu ƙarin girma, na zama “mutumin Gyaɗi-Gyaɗi”. Idan na je gaishe ta a Tarauni, ina durƙushe a bakin ƙofa, ita tana kallon wani wuri daban, mu gaisa sama-sama kamar sababbin maƙwabta. Ƙannena kuwa har kan gadonta suke hayewa su yi ta zuba. Na san kunya ce, ba ƙi ba, amma gaskiya ban taɓa sabawa ba.

Shekaru suka ja bayan aurenmu, babu haihuwa, babu ko ɓatan wata. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai duk zuwa ta ƙullo wa matata wani abu a leda, yau kuka, gobe daddawa, ta ce a gaishe ta. Shirun nan nata ya fi min tambaya nauyi. Saboda haka ranar da matata, wadda nas ce a asibitin koyarwa, ta fito daga banɗaki da ɗan tsinken gwaji a hannu tana dariya tana hawaye, na yi tsallena har na buge ƙwan fitila, na yi sujada, na sake tsalle, sannan na tsaya cak a tsakar ɗaki. Da wane bakin zan gaya wa Inna?

Ai ba zai faɗu ba. Namiji ya dubi uwarsa ya ce matarsa na da ciki? Ɗan fari kuma? Mutane barin abin suke yi har cikin ya fito ya faɗi kansa, to ni ba zan iya wannan jiran ba, Inna ta jira da yawa. Matata ta ce in tura ƙanwata. Na ce ina, wannan kafin ta sauka daga adaidaita rabin Kano ya ji. Ban da haka ma, ni nake so in kai labarin da hannuna.

Dabarar ta faɗo min ina cikin aji ina yi wa yara darasi, har na yi dariya ni kaɗai suka juyo suna kallona. Inna tana da talabijin mai ramin filash a bayansa, a ciki take kallon karatu da tafsiri. Na kuma ji cewa masu hoton ciki sukan zuba wa mutum bidiyon a filash in ya kawo nasa. Shi ke nan. In soka, in danna, in gudu. Matata ta ce, “To me zai hana ka nuna mata a waya?” Na ce ta yi tunani: waya sai na zauna kusa da Inna, kaina da nata a haɗe, ina riƙe tana leƙe. Allah ya kiyaye. Ta ce, “Malam, kai da Inna dai sai addu’a.”

Ba mu je wurin aikinta ba, don ta ce abokan aikinta ba su da sakata a baki. Wani ɗan ƙaramin wurin hoto muka je a nan Gyaɗi-Gyaɗi, wata Asabar da hantsi. Mai ɗaukar hoton wata dattijuwa ce Kirista, iyayenta ’yan kudu, ita haihuwar Kano, Hausa a bakinta ta fi tawa gishiri. Madam kowa yake ce mata. Kafin a shiga sai mace ta cika mararta da ruwa, kuma ba fitsari, wai hoton ya fi fita a haka. Matata ta sha ruwan leda ta sha, ta kuma sha, har ta daina yi min magana. Ni kuwa ina ta sintiri da filash ɗina a aljihun gaba, ina taɓa shi ina ƙara taɓawa. Tsohon filash ne, na tono shi daga cikin wata jakar takardu.

Da aka kira mu, Madam ta shafa mata wani abu mai yauƙi a ciki, ta ɗora kan na’urar. Allon ya kawo toka-toka, ni ban ga komai ba sai kamar ƙasan tukunyar tuwo. Madam ta nuna da yatsa. Wani ɗan ɗigo ne yake motsi, yana ƙiftawa. Sai ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da ƙara, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar keken ɗinki.

“Zuciyarsa ke nan,” in ji ta.

Wallahi ban san lokacin da na yi wa allon sallama ba. Cikakkiyar sallama, har da wa barakatuhu. Madam ta ce in yi haƙuri, bai fara amsa gaisuwa ba tukuna. Matata tana kwance tana dariya tana roƙona in daina ba ta dariya, don mararta ba za ta ɗauka ba. Daɗi ya kama ni har na zauna a kan kujerar da ba a ba ni ba. Na zaro waya in ɗauka, Madam ta ce in mayar, ba a ɗauka da waya a ɗakin nan, in kawo filash ɗin in samu mai kyau har da sauti.

Ta soka. Na’urar ta ƙi. Ta zare ta hura masa iska ta sake sokawa, ta ƙi dai. Ta ce na’urar tsohuwa ce mai tsirfa, ba ta ajiya a cikinta, kai tsaye take zubawa a filash, kuma ba ta karɓar wanda ba a yi masa fomatin ba, wato a share shi tas ya koma kamar sabo. Na ce to ga kwamfuta can a teburin gaba. Ta ce mai wurin ya hana soka filash ɗin waje a cikinta. “Je ka gyaro, zan ga wata kafin ka dawo, sai mu sake. Ke kuma Sista, kada ki kuskura ki shiga banɗaki.”

Kallon da matata ta yi min har yau ina tuna shi. Ta ce a hankali, “Malam, ka yi sauri.”

Na fita a guje, takalmina ɗaya yana cirewa. Ba ni da kwamfuta a gida, shagon buga takardun da na sani kuma a rufe. Na nemi sabon filash wurin wani mai sayar da caja da murfin waya a ƙarƙashin lema, ya ce sun ƙare, amma yana da ɗan abin da ake haɗa filash da waya, OTG sunansa, bai kai kan ɗan yatsa ba. Na karɓa. Na ce fomatin nake son yi da wayar. Ya jujjuya wayata, ya tsotsi haƙori, ya ce sai an yi mata rutin, wai a fasa makullin cikinta kafin ta yarda da irin wannan aikin, in bar ta in dawo gobe. Gobe! Na ce bawan Allah, akwai matar da ta sha ruwa tana jirana. Ya dube ni ya kasa gane inda maganar ta dosa, ni kuma ban da lokacin bayani.

Na tsuguna a gefen titi kusa da mai rake, adaidaita suna wucewa suna min ham. Na ce bari dai in gwada. Na haɗa filash da ɗan abin, na soka a gindin wayar da bisimilla. Shiru. Na zare, ashe murfin wayar ne ya tokare shi. Na ɓare murfin na yar a ƙasa, na sake sokawa. Sai ga ɗan rubutu ya leƙo daga saman allo, wayar da kanta tana cewa ta ga filash amma ba ta gane tsarinsa ba, in taɓa nan in gyara. Ba rutin, ba fasa makulli, ba komai. Na taɓa. Ta kai ni wurin ma’ajiya, ga kalmar fomatin ɗin nan ɓaro-ɓaro tana jirana. Na ce wa mai rake, “Ka gani?” Ya ce ya gani, ko da yake bai ko ɗago ba.

Sai wayar ta ja min kunne da Turanci, wai duk abin da ke ciki zai tafi, ba dawowa. Na tsaya na ɗan tuna. Tsofaffin tambayoyin jarrabawar yara ne, da wasu finafinai da ban taɓa ƙarasawa ba, da wani wasan ƙwallo da aka ci mu. Na ce su tafi, Allah ya raka taki gona. Na danna da babban yatsa har allon ya yi ƙara.

Wani ɗan layi ya fara tafiya. Yana tsakiya sai ga kira ya shigo, matata. Na tsorata kada ɗagawa ta ɓata aikin, na kashe kiran. Mace mai ciki, cikin da muka yi shekaru muna roƙo, na kashe mata kira a gefen titi ina ba ta haƙuri da baki kamar tana ji. Ta sake kira, na sake kashewa. Layin ya kai ƙarshe, wayar ta ce filash ya shirya. Na yi wata irin dariya da ta sa mai rake ya ja farantinsa gefe. Na zare a hankali yadda wayar ta ce, na manta murfin a ƙasa, sai da mai caja ya biyo ni da shi.

Na tarar da matata a tsaye, ta dafa bango, ƙafafunta a harɗe. Ta galla min harara. Madam ta soka filash, na’urar ta karɓa nan take. Aka sake shafa abin yauƙin, ɗigon ya dawo, ƙarar ta dawo, ni ma hawayena suka dawo, ban ɓoye ba. Madam tana cewa an gama, matata ta dire daga gadon ta yi banɗaki ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Daga ciki na ji muryarta tana cewa in Allah ya yarda na biyu ni zan sha ruwan.

Bayan la’asar na hau babur na nufi Tarauni ni kaɗai. A hanya na gaishe da mutanen da ban sani ba. Sai da na shiga layinmu tsoro ya kama ni: idan Inna ba ta gane ba fa? Toka-toka ne kawai da ƙara. Amma matata ta riga ta ce min matar da ta raka ƙannena mata awo ba sau ɗaya ba, ba ita za a koya wa wannan hoton ba.

Na same ta a falo kan tabarma tana tsince wake a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon waken. Ta tambayi mutanen gida, na ce lafiya lau. Na ce, “Inna, wani abu aka ba ni in saka miki a talabijin.” Ta ce to. Na zagaya bayan talabijin, na zare nata na tafsiri, na soka nawa, hannuna yana ta kuskure ramin. Na danna. Kafin hoton ya gama fitowa na ce bari in duba babur, na fice.

A soro na tsaya, na jingina da bango. Ƙarar ta biyo ni, fat-fat-fat-fat. Bidiyon gajere ne, nan da nan ya ƙare. Gidan ya yi tsit. Na ji tsit ɗin ya yi tsawo, har na fara tunanin in hau babur in gudu gida. A nan na gane inda dabarata ta yi rami: Inna ta iya kunnawa da kashewa, amma ba ta iya mayar da abu farko ba.

“Kai,” na ji ta kira. “Zo ka mayar da shi.”

Na shiga kaina a ƙasa. Farantin waken yana gefe, ta ture shi. Ban dubi fuskarta ba, na ba ta baya na ɗauki rimot, na mayar. Ɗigon ya fara ƙiftawa.

“Ƙara masa murya.”

Na ƙara. Muka tsaya a haka, ni a tsaye ina fuskantar talabijin, ita a bayana a zaune, zuciyar nan tana bugawa a tsakaninmu. Na ji tana jan hanci, na ji tana hamdala ƙasa-ƙasa, tana maimaitawa. Da ya ƙare ban jira ta ce ba, na shiga na saita shi ya riƙa komawa farko da kansa.

Can ta gyara murya ta ce, “Ita ta ci abinci?”

Na ce ta ci.

“Kada ka ƙara ɗora ta a babur ɗin nan naka.”

Na ce to, Inna. Na kai hannu bayan talabijin ɗin don in mayar mata da na tafsirinta.

“Bar shi a jiki,” ta ce. “Ka je ka sayi wani.”