Tukwanen Kawai Ake So

Yayana mai sayar da dashen itatuwa ne a bakin titi, jikin katangar wani asibiti. Kowa Mai Dashe yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Ni ƙanwarsa ce, a ɗakin baya na gidan da yake haya nake zaune tun da mijina ya rasu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi.

Filin da yake kasa kayansa na hukumar gari ne, shi ya sa bai taɓa dasa ko tsinke a ƙasa ba. Komai nasa a cikin mazubi yake: ƙanana a leda, manya a tukwanen siminti da shi da kansa yake zubawa. Gwanintarsa aure. Zai yanko reshen lemo mai zaƙi ya ɗaura a kan mai tsami, ya naɗe da leda, kafin ka ankara sun zama abu guda. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, ka aurar da itace ya fi dubu, ni ƙanwarka ka bar ni ina zawarci?" Sai ya ce, "Ke ai ba kya kamawa, tsamin bakinki ya yi yawa."

A cikin kayan nan duka akwai wadda yake kira Uwa, wata tsohuwar bishiyar lemo a cikin ƙatuwar tukunya. Ta girmi babban ɗansa. Daga jikinta yake yanko duk reshen da yake aurarwa, kuma don ita masu lambu suke tsallake wasu su zo wurinsa. In babu Uwa, babu sana'a.

Sai shekarar nan ta zo da komai ya tsaya cak. Masu gini suka daina gini, wanda kuwa bai rufe ɗaki ba ina zai tuna da fure? Sai Yaya ya wuni ko tayi ba a yi masa ba. Ana cikin haka hukumar ruwa ta ƙara kuɗi, ta sake ƙarawa. A rediyo suka ce sun san ana jin jiki, don haka sun yi wa talaka rangwame: duk gidan da mitarsa ba ta wuce wani ma'auni ba a wata, rabin kuɗi zai biya. Yaya ya sa rigarsa ta fita unguwa ya tafi ofishinsu da murna, ina biye da shi.

Yarinyar da ke kan tebur ba ta yi masa rashin kunya ba, har kujera ta ba shi. Ta ce, "Baba, famfonka na wurin sana'a ne. Rangwamen na gidajen zama ne."

Ya ce, "Sana'ar da ba ciniki, 'yata?"

Ta ce, "Wallahi na sani, Baba. Ni dai abin da aka ba ni ke nan."

Ba a daɗe ba ya kasa biya, aka zo aka toshe famfon wurin dashe.

Daga nan ya koma ɗibar ruwan gida. Da sassafe zai cika jarkoki a famfon tsakar gida, ya ɗora a baro, ya tura har bakin asibiti. Mutum ya ba hamsin baya, ga ciwon gwiwa! In ya dawo sai ya zauna a bakin ƙofa yana haki, ba ya iya amsa sannu.

Ƙarshen wata mai duba mita ya zo. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya dubi matar Yaya ya ce, "Mama, wankin kuɗi kuka fara? Ai kun wuce ma'auni, wannan watan babu rangwame."

Matar Yaya ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Da ɗinkinta ake cin abinci a gidan nan tun da ciniki ya mutu. Ta jira ya gama cin abinci, ta ce, "Malam, ban taɓa shiga tsakaninka da itatuwanka ba. Amma abin da aka ƙara mana yau, kuɗin makarantar auta ne. Ka zaɓa."

Ni ma na sa baki, don bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Yaya, itace fa itace ne!" Washegari ya jingine baro, bai ƙara ɗibar ko kofi ɗaya a famfon nan don dashe ba.

Sai ya koma tara ragowa. Ya ajiye roba a inda muke alwala, kowa ya yi a kanta. Ruwan da aka wanke hatsi da ganye, ba a zubarwa. Ya bi maƙwabta yana roƙon nasu, dattijo da furfurarsa yana sallama a ƙofar mutane don ruwan da za su watsa a kwata. Wasu suka haɗo masa da ruwan wanki, sabulu ya ƙone masa jeri guda na gwaiba. Abin da yake samu bai kai ya raba wa kowa ba, dole ya fara zaɓe. Furanni ya fara hanawa, sannan gwaiba, sannan mangwaro. In zai wuce ta gabansu da bokiti sai ya kawar da kai, kamar mai bin layin da ake binsa bashi. Har wankansa ya rage. Na ce, "Yaya, ka fara tsami fa." Ya ce, "Gadon gidanmu ne." Muka yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Uwa ba ta mutu ba, amma ba ta sake toho ba. Ganyenta ya yi rawaya, ya naɗe, babu reshen da za a yanka.

Ran nan na kai masa abincin rana, sai ga wani mai mota ya tsaya. Ya zagaya wurin yana ƙwanƙwasa tukwane da makulli, ya ce, "Baba, nawa duka?" Yaya ya fara yi masa bayanin cewa in suka sha ruwa mako biyu za su farfaɗo.

Mutumin ya ce, "A'a, tukwanen kawai nake so. Zauren biki muke buɗewa, furen roba za mu sa. Wa zai iya da kuɗin ruwa yanzu?" Ya nuna tukunyar Uwa. "Musamman waccan, ta bakin ƙofa ce. In ba ita, na fasa."

Ga haya ta taru, mai gida ya fara aiko da magana. Yaya ya roƙi a ba shi 'yan kwanaki. Mutumin ya yarda, har ya shiga mota ya leƙo ya ce, "Kada ka ƙara zuba mata ruwa, Baba. Busasshiyar ƙasa ta fi saurin fita, kar a fasa mini tukunya."

Ba inda Yaya bai je ba yana nema wa Uwa gurbi. Tsakar gidanmu siminti ne, mai gida ya ce saiwa za ta tsaga masa gini. Masu gadin asibiti suka ce ba su da iko. Masu lambu suka ce su ma nasu suke kallo yana bushewa. Ranar da motar ɗaukar kaya ta zo, saiwar ta riƙe tukunya ta ƙi fita, sai da aka sa zarto. Masu lodi suka ce ya kawo su yanka, ya hana. Shi ya yanka da hannunsa, ni na riƙe masa reshe.

Watan da ya biyo, mai duba mita ya zo da fara'arsa ya ce, "Barka, Mama, kun koma cikin masu rangwame." Ta ce, "Mun gode." Ni kuwa na bar wurin, don kada in faɗa wa bawan Allah magana, shi da bai ci ba bai sha ba.

Yanzu Yaya yana gida, ba ya zuwa ko'ina. Robar nan tana nan inda take, mun kasa ɗauke ta. Kullum in ya idar da alwala sai ya ɗauke ta da hannu biyu a hankali don kada ta zube, ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige. Sai an jima matarsa ta ce, "Kawo, Malam," ta karɓa ta juye a kwata.