Farfesan Lissafin Rediyo

Lokacin gasar cin kofin duniya ina tuƙa motar wani otal a Doha, sai aka haɗa ni da wani farfesan lissafi daga gida. Wai taron gyara koyar da lissafi ya kawo shi, amma kullum filin ƙwallo nake kai shi.

Wata rana muna cikin cunkoson unguwar Gharrafa ya hau cika baki. Ya ce da korona ta rufe makarantu, shi da abokansa ne suka tsara darasin lissafi na rediyo a jiharmu.

Na san darasin nan. A lokacin 'yata ta fari tana shirin jarrabawar gama sakandare. Nas take son zama, kuma ba a ɗauka sai an ci lissafi. Ina kulle a ɗakinmu na unguwar Mansura a Doha ta kira ni, ta kara wayar a jikin rediyo, na ji malamin yana cewa, "Ku dubi wannan kusurwar." Ta ce, "Baba, ina zan duba?" Ni da na tsaya a aji biyu, me zan ce mata?

Na ce wa farfesan, "Ranka ya daɗe, yaran ta ina suke ganin zanen?"

Ya yi dariya. "Malam direba, ai lissafi a ƙwaƙwalwa yake. Mai basira zai hango."

"Naka 'ya'yan fa?"

"Su malami ke zuwa musu gida."

'Yata ta faɗi lissafin, ta sake zama ta sake faɗuwa. Yanzu ɗinki take koyo, ta daina zancen asibiti. Ban gaya masa ba. Irinsu, da ya ji sai ya mai da ita misali a jawabinsa, a tafa masa.